Kada Ki Taɓa Taurari

Ranar da aka yi wa Inna aikin yanar ido, ta cire igiyar makullai daga wuyanta ta rataya mini. Shekara goma sha tara tana share hawa na uku a ginin masu binciken sararin sama, ba ta taɓa ba wa wani makullan nan ba. Likita ya ce sati uku ba sunkuyo, ba ƙura. Shugabar masu shara ta yarda in riƙe mata wurin, amma sai da ta nuna ni da yatsa ta ce, "Ƙorafi ɗaya, Auta. Ɗaya tak. In ya iso teburina, ke da Innarki duk ku zauna a gida. Mata nawa ke jiran wurin nan?"

Na ce to, kaina a ƙasa. Ni dama ba mai magana ba ce. A aji huɗu karatuna ya tsaya, kuma tun ina yarinya in baƙo ya yi mini tambaya sai harshena ya yi nauyi, in tsaya ina kallon yatsun ƙafata har ya gaji ya tafi.

Da yammar Lahadi Inna tana kwance, auduga da filasta a idonta na dama, take lissafa mini aikin.

"Ofis shida ne, da ban ɗaki biyu, da baranda. Ki fara daga can ƙarshe ki riƙa dawowa da baya, kada ki taka inda kika goge. Ɗakin Dakta, babbar malamar wurin, shi ne mai koriyar ƙofa. Ki share ƙasa, ki kwashe kwandon shara, ki goge taga. Amma kada ki taɓa taurari."

Na yi dariya. "Inna, ko tsani na hau ai hannuna ba zai kai ba."

"Yi dariyarki. Na dai gaya miki."

Maganin da aka ba ta yana sa barci. Kafin in sake tambaya har ta fara minshari.

Litinin ƙarfe shida da rabi na buɗe koriyar ƙofa. Ina kunna fitila na gan su. Wani ƙaton hoto ne a bango, baƙi wuluk, taurari farare birjik a kansa, da wani abu a tsakiya kamar an juya madara a cikin shayi. Na ce a raina, ga taurarin Inna nan. Ko kusa da bangon ban kai tsintsiya ba. Da zan wuce ma sai da na tattare gefen mayafina.

A jikin taga akwai wani teburi mai saman gilas, da fitila a cikinsa. An shimfiɗa masa farar takarda mai faɗin tabarma, duk ta cika da baƙaƙen ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda, da wasu manyan tabo biyar ko shida kamar wanda ya taɓa gawayi ya danna babban yatsa. A kan takardar an ɗora leda mai kauri wadda ake ganin ciki, an danne ta da matsi a kusurwa huɗu. Wasu ɗigon an zagaye su da ja, ƙananan da'ira, ba za su ƙirgu ba. Ban san ko mene ne ba, ban kuma damu in sani ba. Kwana biyu ina share ƙarƙashinsa ina wucewa.

Ranar Laraba na tarar wani ya ajiye kofin shayi a kusurwar ƙasa ta hagu. Shayin ya zube ya bushe, ƙananan tururuwa sun yi layi suna zuwa. Na tuna yatsan Shugaba. In Dakta ta zo ta ga tururuwa a teburinta, wa za a ce? Na ɗauke kofin, na fesa ruwan goge gilas a kan farin tsumman Inna, na goga sau uku. Shayin ya fita fes.

Da na juya tsumman sai na ga ya yi ja.

Na fara duba hannuna, na ɗauka yankewa na yi. Ba ciwo. Na dubi teburin. Wuri mai faɗin tafin hannuna biyu ya koma tas, baƙaƙen ɗigon suna nan a ƙasa, jajayen da'irar sun tafi. Ashe ba a jikin takardar suke ba. A kan ledar aka zana su, da hannu.

Na dafa kujera. Agogon bango ya ce bakwai saura kwata. Ma'aikata ƙarfe takwas suke zuwa. Ban ji komai a ginin ba sai ƙarar firij ɗin baranda da bugun zuciyata.

A gefen teburin akwai gwangwani, cikinsa jan alƙalami mai siririn baki. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na ɗauka kawai. A makaranta abu ɗaya aka taɓa yabona a kai, malamarmu ta ce sifirina ya fi na kowa zagaye. Na sunkuya na dubi sauran wurin in ga irin ɗigon da ake zagayewa. Na lura ba a zagaye masu ƙaho huɗu ba, ba a zagaye masu tsawo kamar ƙwayar shinkafa ba. Ƙanana ake zagayewa, masu kai ɗaya. Na fara. Duk ɗigon da na tsallake sai in ga kamar shi ne zai tona ni, sai in koma in zagaye shi. Da na ɗago, na yi sittin da uku.

Na mayar da alƙalamin yadda na same shi, baki a ƙasa. Na cusa tsumman can ƙasan jakata.

Da na koma gida Inna ta juyo da lafiyayyen idonta. "Ya aikin? Ba ki dai taɓa taurari ba ko?"

"Ban taɓa ba, Inna."

Kuma a lokacin na ɗauka gaskiya na faɗa.

Alhamis ba wanda ya ce komai. Na fara samun numfashi. Ranar Juma'a ina goge baranda wajen ƙarfe tara sai na ji an ƙwala kira daga koriyar ƙofa.

"Dogo! Dogo, bar abin da kake yi ka zo!"

Dakta ce. 'Yar gajeruwar tsohuwa, furfura tana leƙowa daga ɗankwalinta, tabarau ɗaya a hanci ɗaya a rataye a wuya. Dogo ɗalibinta ne, magidanci mai 'ya'ya biyu, yana karatun digiri na uku a hannunta, kuma ban taɓa ganinsa ba kofi a hannu ba. Ya wuce ni da sauri yana cewa, "Sannu ƙanwata, na taka miki aiki." Ƙofar a buɗe ya bar ta. Na tsaya da mofar goge ƙasa a hannu.

"Kusurwar nan ta ƙasa, kai ka yi ta ko?" in ji Dakta.

"Ni ne. Tun watan da aka yi mini haihuwa."

"Shi ne ka yi shiru? Ka ƙirga su kuwa?"

"Dakta, a watan nan ko 'ya'yana ba na iya ƙirgawa. Barci nake a tsaye."

"To zo ka gani. Sittin da uku. A nan, inda babu birni ko ɗaya kusa."

Sai Dogo ya ce a hankali, "Ni na yi duk wannan?"

"A'a, aljanu ne suka shigo suka yi maka. Kai dai ba ka san kanka ba. Ashe in ba ka yi barci ba hannunka ya fi kyau, dubi yadda suka zagaye."

Dogo ya yi 'yar dariya. Na jira ya ce ba shi ba ne. Bai ce ba. Ya ce, "To, Allah ya sa alheri ne."

Na ja bokitina zan gudu ban ɗaki, sai Dakta ta leƙo ta gan ni.

"'Yar Inna, ya jikin nata? Ajiye wannan ki zo. Yau sai na nuna wa wani, in ba haka ba zan fashe. Zo ki ga taurarina."

Na shiga, na nufi bango inda baƙin hoton yake.

"Ina za ki? Wannan ai ado ne, a kasuwa na saya. Ga su nan." Ta buga teburin gilas da yatsa.

Na dubi teburin. Na ji muryata ta fito 'yar ƙarama. "Ranki ya daɗe, ai waɗannan baƙaƙe ne."

"Juya hoton muke yi, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Ido ya fi ganin baƙin ɗigo a kan fari. Innarki ba ta gaya miki ba? Ita ce ma ta sa wa teburin nan suna."

Ta kunna fitilar ciki, takardar ta haska. Ta nuna manyan tabon nan masu kama da yatsan gawayi. Ta ce kowane ɗaya galaksi ne, amma in ce birni, birnin taurari, taurarin cikinsa sun fi yashin bakin kogi. Ta ce biranen nan ba sa zaman kaɗaici, taruwa suke ɗaruruwa wuri ɗaya, kuma wannan takardar hoton taro ɗaya ne, mai nisan da haskensa ya baro can tun babu mutum a duniya. Ta miƙo mini gilashin ƙara girma ta ce in dubi wani ɗigo mai jan da'ira.

"Wannan ba tauraro ɗaya ba ne. Dunƙule ne. Taurari dubu ɗari, ko fiye, sun cure wuri ɗaya kamar ƙwallo, tsofaffi tukuf, sun girmi rana nesa ba kusa ba. Kowane birni yana da nasa dunƙulen suna kewaya shi. To in manyan birane suka gifta kusa da juna, sai babba ya fizge wa ƙarami nasa. Wasu su bi babban, wasu su faɗa tsakani, ba na kowa ba. Marayu nake ce musu." Ta kai yatsanta kusurwar hagu, kan da'irorina. "Shekara ashirin ina cewa suna da yawa a irin wannan wurin. Ga su."

Dogo ya ce, "Kwamfuta ma ta nuna ɗigo da yawa a nan."

"Kwamfuta komai ta gani sai ta ce dunƙule ne. Ba ta san dunƙule da birni mai nisa ba, ba ta san shi da datti ba. Shi ya sa muke bi da ido ɗaya bayan ɗaya. Abin da ido ya zagaye, shi na yarda da shi." Ta juyo gare ni. "Wata huɗu muka yi a kan ledar nan. Ranar Alhamis da azahar zan tura takarda a ba mu babban madubin hangen nesa mu dubi kusurwar nan. Kin ga kin zo mana da goshi."

Na ce, "Allah ya taimaka." Na fita da baya. A ban ɗaki na kulle ƙofa na yi amai.

Asabar da Lahadi ba aiki. Na jiƙa tsumman a ruwan sabulu, na cuɗa har fatar yatsuna ta yi fari. Jan ya koma ruwan hoda ya tsaya nan. Na shanya shi a bayan ɗaki ƙarƙashin zanina don kada maƙwabciyarmu ta tambaya. Inna tana ɗaki tana ƙirga kwanakin da suka rage mata.

"Sati biyu. Wallahi zaman nan ya fi aikin wahala. Har mafarkin barandar nan nake yi. Dakta ta tambaye ni?"

"Ta ce a gaishe ki."

"Mutuniyar kirki. Amma kada ki ga tana dariya. A kan teburin nan ba ta da uwa ba ta da uba. Akwai wani mai gyaran fanka da ya taɓa dafa shi da hannun mai, har yau bai sake hawa benen nan ba." Ta shafa wuyanta inda igiyar makullai take zama. "Ke me ya same ki? Tun jiya ba ki ci abin kirki ba."

"Kaina ke ciwo."

"Ƙamshin ruwan gilas ne. Ki riƙa buɗe taga."

Na yi ta lissafi a raina. In na yi shiru, Inna za ta koma aikinta, ni in koma gida, ba wanda zai sani. Dogo ya riga ya karɓa. In na yi magana, ƙorafi ya tafi teburin Shugaba, shekara goma sha tara ta tafi a kan goga uku. Na zaɓi shiru. Na zaɓe shi ranar Asabar, na sake zaɓarsa ranar Lahadi, amma kowace safiya sai in tashi in tarar kamar ban zaɓa ba.

Litinin na shiga ɗakin Dakta na kasa kallon teburin. Na share ƙasa ina ba shi baya. Duk da haka ina jin su a ƙeyata, sittin da uku, kamar idanu. Da na ji takun mutum a bene sai na waiwaya da sauri. Da wayar ofis ta yi ƙara na saki tsintsiya. Da Shugaba ta wuce ta ce "Auta," na amsa da "na'am" mai ƙarfin da sai da ta waiwayo ta dube ni.

Talata ina wanke kofuna a ɗan ɗakin shayi, Dogo ya shigo yana waya da matarsa. Bai damu da ni ba, mai shara ai kamar kujera ce.

"Ke dai ki yi addu'a. In madubin ya tabbatar, sunana zai fito tare da nata... A'a, ba ki gane ba. Shekarun baya ta taɓa tsayawa gaban taro ta faɗi irin wannan, aka duba aka ga kuskure ne. Har yau akwai masu kiranta Uwar Marayu suna dariya. In aka sake, ta gama. Ba wanda zai ƙara ba ta ko minti ɗaya a madubi." Ya saurara, sannan ya rage murya. "Ni ma abin yana ɗan damuna. Ban tuna na yi da yawa haka ba. Amma wa zai yi in ba ni ba?"

Kofin da ke hannuna ya sulluɓe cikin kwatami. Bai fashe ba. Dogo ya ce, "A hankali, ƙanwata, wannan shi ne abokina."

Laraba Dakta ta kawo wa Inna baƙin tabarau a cikin 'yar jaka, ta ce in an cire filasta haske zai dame ta. Ta sa mini a hannu ta rufe yatsuna a kai da nata. Hannunta da ɗumi. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "An gode."

Alhamis na sa tsumman a jaka ban san me zan yi da shi ba. Da na hau bene na ga haske a ƙasan koriyar ƙofa. Dakta ta riga ni zuwa. Tana gaban kwamfuta tana karanta takardarta a fili, leɓenta yana motsi.

"Shigo, 'yar Inna, yi aikinki. Ba za ki dame ni ba."

Na share ƙasa. Na kwashe kwando. Na goge taga, na sake goge ta. Ba sauran abin yi. Na je bakin ƙofa, na kama hannun ƙofar, sai makullan Inna suka yi ƙara a ƙirjina. Na tsaya. Na ji Dakta tana karantawa, "sittin da uku," ta gyara wani abu, ta sake cewa, "sittin da uku." Sifirina ne take faɗa da bakinta, za ta tura wa mutanen da ke jiran su yi mata dariya.

Na koma. Na ciro tsumman na ajiye a gefen kwamfutar.

"Mene ne wannan?"

"Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na goge. Shayi ne ya zube, da tururuwa. Na ɗauka na bango ne taurari. Sai na zana wasu." Ban san ko ta ji ba, don ni kaina da ƙyar nake jin muryata. "Ba Dogo ba ne. Inna ba ta sani ba. Ta gaya mini, ni ce ban gane ba."

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta cire tabarau na hanci, ta sa na wuya, ta ɗauki tsumman ta juya shi. Ta tashi ta kunna fitilar teburin, ta sunkuya da gilashin ƙara girma, ta daɗe. Ina ganin hannunta da ta dafa gefen gilas, jijiyoyin sun tashi.

"Nuna mini daga ina zuwa ina."

Na nuna da yatsa, ban taɓa ba.

"Dogo yana fara da'ira daga sama, ba ya rufe ta," ta ce, ba da ni take ba. "Waɗannan duk a rufe suke. Na gani tun Juma'a. Na gani da idona, na ce hannunsa ne ya gyaru." Ta miƙe. Fuskarta ta tsufa a cikin minti biyar. "Kin san abin da kika yi? Gogewar ba komai ba ce, kwana biyu mu sake. Zanawar."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Ba ki sani ba."

Ta ɗauko ruwan goge gilas daga bokitina, ta miƙo mini tare da tsumman. "Goge naki. Naki kaɗai. In kika taɓa ɗaya da ba naki ba, zan sani."

Na goge su ɗaya bayan ɗaya da bakin tsumma. Hawaye yana son ɗiga a kan ledar, na riƙa kau da kai ina sharewa da kafaɗa. Dogo ya shigo da kofinsa yana sallama da fara'a, ya gan ni a kan teburin, ya tsaya cak.

"Ajiye kofin nan a waje," in ji Dakta. "Sannan ka zo ka gaya mini yadda mutum ke karɓar yabo a kan abin da bai tuna ya yi ba."

Suka zauna su biyu a kan kusurwar, ita da gilashi, shi da takardar kwamfuta. Ba wanda ya ce in tafi, ba wanda ya ce in tsaya. Na fita baranda na goge inda na riga na goge. Alhamis ce ranar da Shugaba ke zagayawa da takardar mako, kowane ofis a sa hannu, mai ƙorafi ya rubuta. Ƙarfe goma sha ɗaya na ji takalminta a bene, ƙwas, ƙwas. Ta gama ofis biyar. Ta ƙwanƙwasa koriyar ƙofa, ta yafuto ni in tsaya a bayanta kamar yadda aka saba.

"Dakta, barka da aiki. Ya yarinyar nan? Akwai ƙorafi?"

Dakta ba ta ɗago ba. Ta zagaye wani ɗigo a hankali, ta rufe alƙalamin, ta miƙa hannu aka ba ta takardar. Ta riƙe biro a kan layin ƙorafi. Ina kallon bakin biron.

"Yaushe Inna za ta dawo?" Dakta ta tambaya.

"Litinin ta sama, in Allah ya yarda," in ji Shugaba.

Ta ja layi a wurin ƙorafi, ta sa hannu, ta miƙa. Shugaba ta yi godiya ta fita. Ni ma na juya zan fita, sai Dakta ta ɗago ta dube ni.

"Tsaya. Ba don ke na yi ba, don shekara goma sha tara na yi. Kuma ke za ki gaya mata da bakinki kafin ta hau benen nan. Ba zan gaishe ta da safe ina ɓoye mata abu ba."

Azahar ta yi ta wuce, ba a tura takarda ba. Washegari na ji Dogo yana gaya wa wani a ɗakin shayi cewa goma sha ɗaya suka samu a kusurwar, kuma goma sha ɗaya ba ta isa a nemi madubi ba, sai wata shekara in an duba sauran hotuna. Kwanakin da suka rage mini, in na gaishe da Dakta tana amsawa, amma ba ta sake ce mini 'yar Inna ba. An manna takarda a gefen teburin da manyan baƙaƙe yadda ko ni zan iya karantawa: TAURARI. KADA A TAƁA.

Sai ranar Lahadin ƙarshe na iya gaya wa Inna. An cire mata filasta, tana zaune a bakin ƙofa da baƙin tabaran Dakta, tana mamakin yadda bangon maƙwabta ya tsattsage ba ta sani ba. Na durƙusa a gabanta na faɗa duka, tun daga tururuwa. Ba ta katse ni ba. Ban iya ganin idonta ta cikin tabarau ba.

Da na gama ta ce, "Kwana takwas kika yi da wannan a cikinki?"

"Eh."

"Sannan kika ƙara goma kina kawo mini ruwa kina cewa kanki ke ciwo."

Ta gyara zaman tabarau a hancinta.

"Da ma na ce miki teburi ne. Kalma ɗaya." Ta miƙo hannu. Na ɗauka marina za ta yi, na rufe ido. Igiyar makullai ta zare daga wuyana ta mayar nata. "Layin da Dakta ta ja, don Shugaba ta ja shi. Ni ban san da wace fuska za ta karɓe ni ba."

Litinin ta fita tun kafin gari ya gama wayewa. Na wanke kwanuka, na share ɗaki, na sake share shi. Azahar ta yi, lokacin da take dawowa, ba ta dawo ba. Na fita bakin layi na tsaya inda motar haya ke sauke ta. Mota uku suka tsaya suka wuce. Na koma gida na zauna a bayan ƙofa, gwiwoyina a ƙirji, ina tunanin ko Dakta ta sake shawara, ko Inna tana can gaban teburin Shugaba tana cire igiyar daga wuyanta.

Wajen la'asar na ji takunta a soro, a hankali, irin na mai lallaɓa sabon ido. Na riƙe numfashi na kasa kunne. Kafin ta yi sallama na ji makullan suna kaɗawa a ƙirjinta.

Ta shigo ta ajiye jaka, tana warin sabulun ƙasa. "Me kike kallo? Tashi ki ɗora mini ruwa. Sati uku ba a goge bayan firij ɗin nan ba, sai da na janye shi. Kuma ina farin tsummana?"